Dokar Koko ta Turai da Gawon Gidan Sori

Babu wanda ya taɓa noman koko a Gidan Sori, kuma babu mai niyyar farawa. Itacen da ake yin cakulan da 'ya'yansa yana son ruwan sama kamar milimita 1,500 a shekara, da inuwa da laima irin ta Kurmi. Nan kuwa jigawa ce, inda damina mai albarka kan zubar da wajen sulusin wannan cikin wata uku zuwa huɗu, ta tattara nata ta tafi. Gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da aya su ne abin da ƙasar ta sani. Amma dokar da Tarayyar Turai ta kafa a kan koko da wasu kaya shida ta taɓo wata tambaya da manoman Gidan Rumji da Agiye da Gazawa suka shafe shekara 40 suna fama da ita, har suka samo mata amsar da ƙasashen koko ba su kai gare ta ba tukuna: me ke sa manomi ya ƙyale ice ya rayu a gonarsa?

Dokar, mai lamba 2023/1115, ta fara aiki ranar 29 ga Yunin 2023. Ta shafi koko, kofi, kwakwar manja, roba, waken soya, katako da shanu, haɗe da abin da ake sarrafawa daga gare su, irin su cakulan, naman shanu, gawayi da kayan ɗaki na katako. Duk kamfanin da zai shigar da ɗaya daga cikinsu kasuwar Turai sai ya tabbatar da cewa ba a noma shi a filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disambar 2020 ba, kuma an samar da shi bisa dokokin ƙasar da ya fito, har da dokar mallakar fili da ta ƙwadago. Rantsuwa ba ta wadatarwa. Sai an kawo lambobin da ke nuna daidai inda gonar take a doron ƙasa: in ba ta wuce hekta 4 ba, ɗigo ɗaya na GPS ya isa, in ta wuce, sai an zana iyakarta kaf. Kamfanin da aka kama da laifi yana iya biyan tarar da za ta kai kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara a Turai, a kuma ƙwace kayan.

Da farko an ce za a fara aiwatar da ita a kan kamfanoni ranar 30 ga Disambar 2024. Ƙasashe masu noma suka yi ca, kamfanonin Turai su ma suka ce ba su shirya ba, aka ɗaga da shekara guda. A ƙarshen 2025 aka sake ɗagawa zuwa 30 ga Disambar 2026 ga manyan kamfanoni, ƙanana kuma zuwa 30 ga Yunin 2027. Ɗagawa biyu a jere ta nuna cewa waɗanda suka rubuta dokar ba su auna nisan da ke tsakanin teburinsu da gonar ba.

Inda asalin buhu ke ɓacewa

Kodebuwa da Gana su ke noma wajen kashi 60 cikin 100 na kokon duniya, Turai kuma ita ce babbar mai saye. Ba banza aka sa musu ido ba. A da Kodebuwa tana da daji kusan hekta miliyan 16. Ƙidayar da aka fitar a 2021 ta samu ƙasa da miliyan 3. Wani bincike da mujallar Nature Food ta buga a 2023 ya danganta fiye da kashi 37 cikin 100 na dajin da aka rasa a keɓaɓɓun gandun dajin Kodebuwa da noman koko, a Gana kuma fiye da kashi 13. Koko yana son sabuwar ƙasar daji. In gona ta tsufa, ta gaji, cuta ta kama ta, ya fi wa talaka sauƙi ya matsa gaba ya share sabon wuri da ya sayi taki da magani. Haka noman ya yi ta tafiya daga gabashin Kodebuwa zuwa yamma, har ya dangana da iyakar Laberiya.

Ga yadda kayan ke tafiya. Manomi mai hekta biyu ko uku ya tsinke 'ya'yan, ya fasa su da adda, ya tara ƙwayar a rufe da ganyen ayaba ta kwana biyar ko shida tana tsima, sannan ya shanya. A Gana sai ya kai wa akawun kamfanin saye da ke ƙauyen, a auna a buhu mai kilo 64, hukumar COCOBOD ta duba inganci ta buga hatimi. A Kodebuwa sau da yawa wani ɗan tsakani ne ke zagaya ƙauyuka a kan babur da tsabar kuɗi a jaka, ya sayi kilo 30 nan, kilo 50 can, ya juye su wuri guda, ya sayar wa babban ɗan kasuwa, shi ma ya haɗa da na wasu ya loda wa tirela zuwa Abijan ko San Pedro. Kafin buhu ya ga teku, ƙwayar gonaki da dama ta cakuɗe a cikinsa. Masu binciken ƙungiyar Trase sun gano cewa fiye da rabin kokon Kodebuwa ba a iya bin sawunsa ko da zuwa ƙungiyar manoman da ya fito, balle gonar. Sai kuma fasa-ƙwauri: lokacin da farashin tan guda ya haura dala 12,000 a kasuwar New York a Disambar 2024, alhali gwamnatocin Gana da Kodebuwa sun ƙayyade wa manomansu farashi ƙasa da haka nesa, koko ya riƙa tsallaka iyaka zuwa Togo da Gini da Laberiya, ya fito da sabon asali.

Maganin da ake yi shi ne rajista. Hukumar kofi da koko ta Kodebuwa ta ƙidaya manoma kusan miliyan guda, tana raba musu kati mai ɗauke da bayanan gonarsu, wanda kuma ake biyansu ta cikinsa. Gana ta gina nata tsarin a kwamfuta. A ƙauye kuwa aikin na ƙafa ne: saurayi riƙe da waya, mai gona a gaba yana nuna masa iyaka, su bi ta cikin ciyawa da fadama, wayar tana ajiye ɗigo a kowace kusurwa har su dawo inda suka faro. In maƙwabci ya fito ya ce wancan itacen ba shi ne iyaka ba, aiki ya tsaya. In mai noman ɗan rabo ne, irin tsarin abusa na Gana inda mai aiki ke ɗaukar sulusi, sai a tsaya tunanin sunan wa za a rubuta.

Bahaushe ba baƙo ba ne a ƙasar koko. Tun kafin Tetteh Quarshie ya kawo irin koko Gana daga tsibirin Fernando Po a 1879, fataken Kano da Katsina na zuwa Gwanja da Salaga sayen goro. Yau ma goron da ake rabawa a ɗaurin aure a Tibiri ko Caduwa, da yawansa daga gonakin da koko ke ciki ya fito, domin manoman Kurmi kan bar itacen goro ya yi wa koko inuwa. Goro dai ba ya cikin jerin dokar, kuma babu mai tambayar asalin gonarsa a kasuwar Maraɗi. Launi da girma da ɗanɗano ake dubawa.

Aya da riɗi ba su cikin jerin, amma...

Duk wanda ya san ranar kasuwa a Caduwa ko Gazawa bayan kaka ya san cewa labarin ɗan tsakanin Kodebuwa labarin gida ne. Mace ta zo da tiya uku na riɗi daga gamanarta, dattijo ya sauke rabin buhun aya daga amalanke, yaro ya kawo 'yar ragowar da aka ba shi ladan aiki. Ma'auni na zaune da tiyarsa, yana auna wa yaran wani Alhaji da ke Maraɗi, ana juyewa a tsibi guda a kan tamfal. A rairaye, a cika buhuna, a ɗinke. Da la'asar mota ta ɗauka. Daga nan wani ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya shiga kasuwar Dawanau ta Kano, inda zai gamu da riɗin Jigawa da na Binuwai, ya fita ta Legas a matsayin kayan Nijeriya. Jihar Maraɗi ce cibiyar noman aya a Nijar, kuma wani kaso na ayar Afirka ta Yamma yana ƙarewa ne a Sifen, inda ake yin wani abin sha da ita mai kama da kunun aya. Wanda ya sha shi a Balensiya ba zai iya cewa ga ƙauyen ba, haka ma wanda ya sayar masa.

Aya da riɗi da wake ba sa cikin kaya bakwai ɗin. Sai dai dokar da kanta ta tanadi a riƙa duba ta domin a ga ko za a faɗaɗa, kuma masu saye sun riga sun koyi tambayar asali. An ma taɓa ɗanɗana kuɗar rashin amsa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari na diklobos, wanda ake zubawa a buhu don kashe ƙwaro, aka kuma yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru. Da yake babu hanyar rarrabe buhun wanda ya zuba guba da na wanda ya adana nasa a buhu mai ninki uku, sai hukuncin ya hau kan kowa. Waken Nijar da yawa ta Nijeriya yake fita. Abin da bin sawu ke iya yi wa manomin kirki ke nan, in an yi shi da gaskiya: ya raba shi da laifin wani.

Shanu kuwa, dokar na son a lissafa duk wuraren da dabba ta zauna. Wanda ya rubuta wannan yana tunanin garken Barazil mai shinge ne. Saniyar da aka haifa a arewacin Dakwaro, ta ci harawa a gonakin Gidan Rumji bayan girbi, ta sha ruwa a Gulbin Maraɗi, aka sayar da ita a Jibiya, ba ta da adireshi. Sa'ar da aka yi, Legas take zuwa, ba Turai ba.

Yadda gonakin suka koma fili, da yadda suka dawo

Abin da koko ya yi wa Kurmi, gyaɗa ta taɓa yi wa ƙasar Maraɗi. Zamanin Faransa ana biyan haraji da kuɗi, kuɗi kuma a gyaɗa suke, gyaɗar kuma matatun man Faransa take tafiya. Bayan 'yanci kamfanin Sonara ya ci gaba da saye, Alhazan Maraɗi suka yi arziki. Gonaki suka faɗaɗa, saura ta ragu, malaman gona suka riƙa koyar da cewa gonar zamani ita ce wadda aka tumɓuke kututturanta don garmar shanu ta wuce ba cikas. Manomin da ya bar tsiro a gonarsa rago ne a idon jama'a.

A kan wannan kuma ga doka. Dokar gandun daji ta Faransa ta 1935, da wadda Nijar ta kafa a 1974, sun sa itatuwa masu daraja a hannun hukuma, ko da a tsakiyar gonar mutum suka tsiro. Gawon da ke gonarka, kai ka kare shi daga awaki, amma ranar da ka sare reshe sai ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Wani kuma ya je ya biya kuɗin takarda ya zo ya sare shi a gabanka. Ba sai an yi dogon lissafi ba. Manomi ya ga tsiron gawo, sai ya sa hauya ya kashe shi tun bai zama abin shari'a ba. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, sun tarar da ƙasa tsirara. Iskar farkon damina na ɗauke rairayi ta yanke sabon tsiron gero ko ta binne shi, har mutum ya yi shuka uku ko huɗu kafin ɗaya ta kama.

An kashe kuɗi mai yawa a kan dashe. Ana rainon dogon yaro da turare a leda, a ɗauka a mota a kai ƙauye, a dasa, a kewaye, rani ya zo ya kashe mafi yawansu. Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi a lokacin, yana cikin masu wannan wahala. A 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sarewa kowace shekara, ba ciyawa ba ne: tohon itatuwa ne da aka sare tuntuni, saiwarsu na raye a ƙarƙashin ƙasa. Manoma sun san haka tun kaka da kakanni. Abin da ya ɓace shi ne dalilin barinsu.

Aikin da ake kira sassaben zamani ba shi da wani sirri. Lokacin sharar gona, kafin ruwa ya sauka, manomi ya tsaya a kan kututturen sabara ko kalgo ko taramniya da ya fitar da toho goma ko ashirin. A da sai ya sare su duka, ya tara, ya cinna wuta. Yanzu sai ya duba ya zaɓi biyu zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran da gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa zuwa wajen rabin tsayinsu. Wasu kan ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Da yake tsohuwar saiwa ce ke ciyar da tohon, cikin shekara biyu ko uku ya wuce tsayin mutum. Kowace shekara a sare ɗaya a yi girki ko a sayar, a bar sabo ya maye gurbinsa. Abin da aka sare ya ba uwargida makamashi, ganyen da ya zuba ya tare rairayi.

A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci a ƙauyuka wajen 100, aka bar itatuwa kusan 500,000. Da abinci ya ƙare, manoma suka sare kusan kashi biyu cikin uku. Wannan ɓangaren labarin ne ya kamata masu dokar koko su karanta da kyau: icen da aka bari don mai kallo daga waje, ranar da mai kallon ya juya baya ya faɗi. Sulusin da ya rage shi ne ya yi wa aikin wa'azi, domin maƙwabta sun ga geron da ke gindin itatuwan bai lalace ba, sun ga mai gonar na sayar da ice. A shekarar ce kuma gwamnatin Seyni Kunce ta kira babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. Daga baya, da aljihun hukuma ya yi rauni, ma'aikatan gandun daji suka rage zagaye, wasunsu kuma suka amince a ƙyale manomi ya ci moriyar abin da ya raina. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka sassauta riƙon, sannan a Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raya ta wannan hanya.

A Agiye aka ga yadda abin ke zama tsarin gari. Ƙauyen Ɗan Saga, da tallafin ayyukan da asusun FIDA ya ɗauki nauyi, PDRAA sannan PPILDA, ya kafa kwamitin sa ido da ya haɗa maza da mata da matasa da Fulani makiyaya. Barazanar da ta fi damun mai ice ita ce ɓarawon dare da makiyayin da ke sassabe gawo don dabbobinsa, don haka sai aka zaunar da kowa aka yanka ƙa'ida, aka sa tara, aka kuma buɗe kasuwar itace ta ƙauye don kuɗin ya tsaya a gida. Ƙauyuka da dama na kewaye suka kwaikwaya. Wannan ma bin sawu ne, sai dai na ido da ido: kowa ya san gonar da damin ice ya fito.

Gawo shi ne sarkin wannan harka. Yana zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke son rana, ya yi kore da rani, lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. 'Ya'yansa abincin tumaki ne da ake sayarwa a kasuwa, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobin da ke kwana a gindinsa su bar taki. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare shi.

Abin da tauraron ɗan Adam ke gani

Shekara 20 ana wannan aiki duniya ba ta sani ba. Rahotanni na ci gaba da cewa hamada na cinye Nijar. Sai a tsakiyar shekarun 2000 Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij ɗan Holan, da masana 'yan Nijar irin su Mahamane Larwanou, suka ɗauki hotunan jirgin sama na 1975 suka gwada da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam, suka kuma bi ƙasa da mota suna ƙirgawa. Kiyasin da suka fitar a 2009 shi ne hekta miliyan 5, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kusan tan 500,000 a shekara. Akwai masu jayayya da adadin hatsin, suna cewa dawowar ruwan sama ma ta taimaka, kuma suna da hujja. Itatuwan dai suna nan a tsaye. A 2018 Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

To, a ma'aunin dokar Turai duk wannan ba daji ba ne. Daji a wurinta shi ne filin da ya wuce rabin hekta, mai itatuwan da suka haura mita 5, waɗanda inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100, kuma ba filin noma ba. Gonar Ɗan Saga mai itatuwa da yawa gona ce kawai. Wanda ya raya su ba shi da wani lada a dokar, wanda ya sare su kaf ya dasa waken soya bai karya ta ba. A Kurmi kuma kuskuren ya juya: manomin Kamaru ko na jihar Kuros Riba da ke noman koko a ƙarƙashin manyan itatuwa, daga sama gonarsa kan yi kama da daji, taswira ta sa shi cikin abin zargi, alhali wanda ya share komai tun 2015 ya bar koko a tsakar rana ya fito tsaf. Na'urorin suna ƙara kaifi; a 2020 wasu masana sun ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 ɗaya bayan ɗaya a yammacin Sahara da Sahel. Amma hoto ba ya faɗin wanda ya raini icen, ko wanda zai ci kuɗinsa.

Nan ne nake ganin ƙasashen koko na inda Maraɗi take a 1980. A Gana, bisa dokar 1962, itacen katako da ya tsiro da kansa a gonar mutum yana hannun shugaban ƙasa a madadin al'umma. Ana iya ba kamfani izinin sare shi, ya faɗo a kan koko, a ja gungumen ta tsakiyar gona, diyyar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka manomi kan kashe tsiron tun yana ƙarami, ko ya kware ɓawon babba ya bushe a tsaye. Kodebuwa ta gyara dokarta a 2019 ta ce ice na mai fili ne, sai dai kaɗan ne ƙwarai cikin manoma ke da takardar fili, baƙi daga Burkina da Mali da suka share gonakin kuwa matsayinsu ya fi na kowa rauni. Kamfanonin cakulan, tun bayan yarjejeniyar koko da daji ta 2017, sun raba dashen itatuwa miliyoyi. Mutanen Agiye za su iya gaya musu yadda dashen da ba na kowa ba ke ƙarewa.

Ba ina cewa dokar banza ba ce. Ta tilasta wa kamfanonin da suka shekara 100 suna saye ido rufe su san sunan ƙauyen da suke ci daga gare shi, kuma tsoron rasa kasuwa ya sa gwamnatoci sun yi cikin shekara biyar abin da suka ƙi yi cikin hamsin. Amma hani ce zalla. Kuɗin awo da rajista wani zai biya, kuma an san wanda ake zaftare wa a ƙarshe. Manomin da ke nesa da hanya, wanda ba ya cikin ƙungiya, shi ne kamfani zai fara yar wa don ya huta da haɗari, kokonsa kuma ya bi ta bayan gida zuwa kasuwar da ba ta tambaya.

A Gidan Sori ma ba a gama ba. Jama'a na ƙaruwa, gandu na rarrabuwa a gado har gona ta koma 'yar ƙyalle. Tun 2004 Marthe Diarra Doka da Marie Monimart suka rubuta yadda matan kudancin Maraɗi ke rasa gamanarsu saboda ƙarancin fili. Wadda ba ta da gona ba ta da ice, alhali ita ce mai neman makamashi. Wanda ya karɓi gona aro ko jingina ba ya son raya gawo, mai gonar ma ba ya so ya raya, don kada gobe ice ya zama hujjar mallaka. Daga 2019 dubban mutanen da 'yan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, kowane gida kuma sai ya hura wuta. Gonakin da ke kusa da iyaka, akwai waɗanda masu su ke shakkar zuwa, balle kwamiti ya zagaya. Birnin Maraɗi kuma na ci gaba da cin itace daga Babban Rafi da duk inda amalanke ya kai.

Sai maganar wanda zai riƙe taswira. A ƙasashen koko an sha auna gona ɗaya sau biyu ko uku, kowane kamfani da nasa ma'aikatan, kowa ya kulle bayanansa a kwamfutarsa. Manomin da ya yi zagayen da ƙafarsa ba shi da kwafi, kuma in ya so sauya mai saye sai a sake awo. Ranar da mai sayen aya daga Sifen ko mai sayen riɗi daga Japan zai ce sai da lambar gona, in kamfani ne ya fara zuwa da wayarsa, haka za ta faru a Caduwa. Nijar tana da abin da za ta tare wannan da shi: hukumomin filaye da dokar karkara ta kafa, daga na gunduma har zuwa na ƙauye inda maigari ke shugabanta, suna da ikon ba da takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro da jingina, ga kuma majalisar manoma ta jiha da ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta. In an auna gona a gaban maigari da maƙwabta, aka rubuta itatuwan da ke ciki da sunan wanda ya raine su, aka ba mai ita takardarsa, awo ɗaya ya ishi mai saye, ya ishi alƙali, ya ishi magada. Yawancin waɗannan hukumomi na ƙauye ba su da na'urar awo ko kuɗin zirga-zirga, kuma mafi yawan gonakin Gidan Rumji da Agiye da Gazawa har yanzu shaidarsu ita ce bakin dattawa da layin gamba da aka dasa a kan iyaka.